Maya Yoshida: Tambayoyi da Amsoshi kan Mai Tsaron Bayan Japan da Ya Buga Ƙwallo a Ƙasashe Biyar na Waje

Masu bibiyar gasar Firimiya ta Ingila tsakanin 2012 zuwa 2020 sun san fuskar Maya Yoshida, dogon mai tsaron bayan Southampton, ko da kuwa ba su taɓa tsayawa sun tambayi inda ya fito da inda ya dosa ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi rayuwarsa ta ƙwallo tun daga Nagoya har zuwa Amurka, da kuma dalilin da ya sa ake ambatonsa duk lokacin da aka zo maganar 'yan bayan Japan da ke wasa a ƙetare.

Wane ne Maya Yoshida, kuma a ina ya soma wasa?

An haife shi ranar 24 ga Agusta, 1988, a birnin Nagasaki da ke tsibirin Kyushu a kudu maso yammacin Japan. Yana da shekara 12 ya ci gwajin shiga makarantar horar da yara ta ƙungiyar Nagoya Grampus, wanda hakan ya sa ya bar gidan iyayensa ya koma yankin Nagoya mai nisan ɗaruruwan kilomita, inda ya zauna tare da yayansa. Nagoya Grampus ƙungiya ce da kamfanin Toyota ke ɗaukar nauyinta, kuma magoya bayan Arsenal za su iya tunawa cewa daga nan ne Arsène Wenger ya taso ya koma Landan a 1996.

A ƙungiyar matasa, Yoshida ɗan wasan tsakiya ne mai taimaka wa baya. Da aka ɗaga shi zuwa babbar ƙungiya a 2007, lokacin da Sef Vergoossen ɗan ƙasar Holan yake horar da ita, sai aka mayar da shi tsakiyar baya, wurin da masu kallo a nan suka fi kira lamba biyar, domin ƙungiyar tana da ƙarancin 'yan wasa a wannan gurbi, shi kuma yana da tsayin mita 1.89. A ƙarƙashin Dragan Stojković, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2008, ya zama ɗan wasan da ake farawa da shi, Nagoya ta ƙare a matsayi na uku a waccan kaka, sannan a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun nahiyar Asiya kafin Al-Ittihad ta Saudiyya ta fitar da ita.

Me ya kai shi ƙaramar ƙungiya a Holan maimakon wata fitacciyar ƙungiya?

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa a 2010 babu wata babbar ƙungiyar Turai da take neman mai tsaron tsakiyar baya a Japan. Ƙungiyar da ta yi wannan kasada ita ce VVV-Venlo, ta wani gari da ke kan iyakar Holan da Jamus, kuma ta yi hakan ne saboda ta riga ta ɗanɗana riba. A Janairun 2008 ta ɗauko Keisuke Honda daga wannan Nagoya ɗin, ya haskaka, sannan ta sayar da shi ga CSKA Moscow a ƙarshen 2009. Shi ma Vergoossen tsohon kocin VVV ne, don haka akwai hanyar sanayya tsakanin ƙungiyoyin biyu. Yoshida ya isa Venlo a Janairun 2010, a daidai lokacin da Honda yake haɗa kayansa.

Akwai kuma batun doka. A wancan zamani, ɗan wasan da ba ɗan Tarayyar Turai ba ne ba ya samun izinin aiki a Ingila sai ya buga kashi 75 cikin 100 na wasannin gasa na babbar tawagar ƙasarsa a cikin shekara biyu da suka gabata, kuma Yoshida a lokacin ko wasa biyu bai yi wa Japan ba. Holan ba ta da wannan sharaɗi, abin da take buƙata shi ne a biya baƙon ɗan wasa albashin da bai gaza wani mataki ba. Saboda haka Holan ta zama zangon da matashi zai tsaya ya tara wasanni, ya koyi Turanci, ya saba da 'yan gaba masu ƙarfin jiki, har ya cika sharuɗɗan zuwa gaba.

Farkon zamansa bai yi daɗi ba. Bai jima da sauka ba ya karye a ƙafa tun kafin ya buga wasan gasa ko ɗaya, kuma sai a watan Oktoba na 2010 ya fara taka leda a gasar Holan. Gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu ta wuce ba tare da shi ba. Bayan ya warke, ya shafe kaka biyu a ƙungiyar da kullum take fafutukar tsira, domin a 2011 da 2012 duka sai da VVV ta buga wasannin neman gurbi kafin ta ci gaba da zama a rukunin farko. Mai tsaron baya a irin wannan ƙungiya yana shan aiki a kowane mako fiye da takwaransa na Ajax ko PSV, kuma a ganina wannan ce makarantar da ta fi yi masa amfani.

Yaya aka yi Southampton ta gan shi?

Gasar Olamfik ta Landan a 2012 ce ta fito da shi. Dokar gasar ta amince kowace ƙasa ta sa 'yan wasa uku da suka haura shekara 23, Japan ta kira Yoshida a cikinsu, ta kuma ba shi kyaftin. A wasan farko a Glasgow suka doke Sifaniya da ci ɗaya da nema, suka doke Maroko da irin wannan sakamako, suka tashi babu ci da Honduras, sannan suka lallasa Masar da ci 3 da nema a filin Old Trafford, inda shi kansa ya ci ɗaya da ka. Wasa huɗu ke nan ba a zura musu ƙwallo ba, a filayen Birtaniya, a gaban idon masu farautar 'yan wasa. Mekziko ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe da ci 3 da 1, Koriya ta Kudu kuma ta hana su tagulla da ci 2 da nema. Makonni kaɗan bayan haka, a ƙarshen watan Agusta, Southampton wadda ta dawo Firimiya bayan shekara bakwai a ƙasa ta saye shi. A lokacin ya riga ya zama ɗan wasan farko a babbar tawagar Japan, don haka batun izinin aiki bai zama cikas ba.

Ya taɓa haɗuwa da Najeriya a babbar gasa?

Yana cikin tawagar Japan a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, yana da shekara 19, kuma Japan ta faɗa rukuni ɗaya da Najeriya da Amurka da Holan. Tawagar Samson Siasia ta doke Japan da ci 2 da 1, Victor Obinna da Victor Anichebe ne suka ci, kuma ita ce tawagar da ta kai wasan ƙarshe ta samu azurfa. Japan ta sha kashi a wasanninta uku ta koma gida, sai dai daga cikin waɗancan matasa ne Honda da Shinji Kagawa da Shinji Okazaki da Yuto Nagatomo da Atsuto Uchida suka fito.

Idan ya ƙware, me ya sa ya daɗe yana zaman benci a Southampton?

Wannan ita ce tambayar da ta fi bayyana wane irin ɗan wasa ne. Wasansa na farko a Firimiya ya zo ne a watan Satumba na 2012 a gidan Arsenal, ya shigo canji tun kafin hutun rabin lokaci, aka tashi Arsenal 6, Southampton 1. Duk da wannan mummunar tarba, ya buga wasa 32 a kakarsa ta farko, a ƙarƙashin Nigel Adkins da kuma Mauricio Pochettino wanda ya gaje shi a Janairun 2013. Daga nan ne ƙungiyar ta soma abin da ta yi ta maimaitawa: kowace shekara sai ta sayo wani mai tsaron baya ta ɗora a gabansa domin ya yi wasa kusa da José Fonte. A 2013 Dejan Lovren ya zo, wasannin Yoshida na gasar suka faɗo zuwa takwas kacal. Liverpool ta saye Lovren a 2014, sai aka aro Toby Alderweireld daga Atlético Madrid. Alderweireld ya wuce Tottenham a 2015, sai aka kawo Virgil van Dijk daga Celtic. Duk wanda ya kalli waɗannan sunaye ya san ba a zalunci Yoshida ba, domin Alderweireld da van Dijk sun fi shi, kuma van Dijk ya koma Liverpool a Janairun 2018 kan fam miliyan 75, kuɗin da ba a taɓa biya kan mai tsaron baya ba kafin lokacin.

Abin lura shi ne yadda ya ɗauki lamarin. Da yawa daga 'yan wasan da suke kan gaba a tawagar ƙasarsu da sun nemi tafiya tun a kakar Lovren, ko a aro ko a komawa gida, kuma ƙungiyoyin Japan da sun karɓe shi hannu bibbiyu. Shi ya zauna. A zamanin Ronald Koeman ya yarda ya riƙa toshe gurbin lamba biyu idan an rasa mai bugawa, gurbin da bai dace da shi ba ko kaɗan saboda ba shi da gudun da ake buƙata a gefe, kuma kurakuran da ya yi a can sun jawo masa suka. Amma a shekarun da Southampton ta ƙare ta bakwai a 2015, ta kuma ƙare ta shida a 2016, tare da Sadio Mané da Victor Wanyama a cikinta, yana nan yana buga kusan wasa ashirin a kowace kaka.

Ranar da aka buƙace shi ta zo a Janairun 2017, lokacin da Fonte ya koma West Ham, van Dijk kuma ya ji raunin da ya hana shi wasa har ƙarshen kaka. Yoshida da matashi Jack Stephens suka riƙe bayan, suka je Anfield suka hana Liverpool ci a wasa na biyu na kusa da na ƙarshe a kofin League Cup na Ingila, Southampton ta wuce da jimillar ci 2 da nema. A wasan ƙarshe a Wembley ranar 26 ga Fabrairu, Manchester United ta yi nasara da ci 3 da 2, Zlatan Ibrahimović ya ci biyu, har da ta ƙarshe da ka ana daf da tashi. A wannan shekarar ce Yoshida ya zama ɗan Japan na farko da ya cika wasa 100 a Firimiya. Lokacin da ya bar ƙungiyar yana da wasa 154 a gasar da ƙwallo shida, kuma ya yi aiki da Adkins, Pochettino, Koeman, Claude Puel, Mauricio Pellegrino, Mark Hughes da Ralph Hasenhüttl, babu ɗaya a cikinsu da ya iya yin watsi da shi gaba ɗaya.

Yana cikin waɗanda Leicester ta zura wa ƙwallo tara?

Yana ciki. Ranar 25 ga Oktoba, 2019, Leicester City ta je filin St Mary's ta ci 9 da nema, bayan an kori Ryan Bertrand da jan kati tun a farkon wasa. Jamie Vardy da Ayoze Pérez kowannensu ya ci uku, Wilfred Ndidi kuma yana tsakiyar filin Leicester a daren. Bayan wannan wasa Hasenhüttl ya sauya tsarin bayansa, ya koma dogaro da Stephens da Jan Bednarek, Yoshida kuma ya rasa gurbinsa. Watanni uku bayan haka ya bar Ingila.

Mene ne ƙarfinsa, kuma ina rauninsa?

Ƙarfinsa yana wurin karanta wasa, da tsara layin baya, da ƙwallon sama, da kuma iya raba ƙwallo da ƙafa biyu, wanda gado ne daga shekarun da ya yi a tsakiya. Yana magana a fili ba ƙaƙƙautawa, kuma yana yin ta da harshen da abokan wasansa ke ji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan wasan gefe zai iya shekara a ƙasar waje yana wasa da kalmomi goma, amma lamba biyar shi ne mai cewa a matso, a ja baya, a kama wane, a bar wane, kuma dole ya faɗa cikin daƙiƙa guda. Yoshida ya dage da koyon Turanci har ya kai yana hira da 'yan jaridar Ingila ba tare da tafinta ba, yana ɗaura ƙyallen kyaftin na Southampton a wasanni da dama, ya kuma koyi Italiyanci bayan ya haura shekara talatin.

Rauninsa a bayyane yake. Ba shi da saurin juyawa idan ɗan gaba mai gudu ya same shi a fili mai faɗi, kuma lokaci zuwa lokaci yakan yi kuskure guda mai tsada, irin mayar da ƙwallo ga gola ba ƙarfi ko fitar da ita ba nisa. A gasar cin kofin duniya ta 2022, ƙwallon da Kosta Rika ta ci Japan ta samo asali ne daga wata fitarwa tasa da ba ta yi nisa ba, kuma ya sha suka a gida saboda ita. Mai tsaron baya kamar mai gadin kasuwa yake, dare ɗari zai kwana a farke babu mai gode masa, daren da aka fasa shago ɗaya kuma kowa ya san sunansa. Hukuncin da ya fi dacewa da shi, a nawa ra'ayi, shi ne ɗan wasa nagari wanda bai kai sahun farko na duniya ba, amma ya daɗe a sahun da ke biye fiye da yawancin waɗanda suka fi shi baiwa.

Me ya yi a Italiya da Jamus?

Ya koma Sampdoria ta birnin Genoa a matsayin aro a ranar ƙarshe ta Janairun 2020, 'yan makonni kafin annobar korona ta rufe Italiya ta dakatar da gasar. Da aka dawo wasa, Claudio Ranieri ya dogara da shi a fafutukar tsira, ƙungiyar ta tsira, aka ba shi kwantiragi na dindindin, kuma a kakar 2020 zuwa 2021 Sampdoria ta ƙare ta tara, yana yawan buga baya tare da Omar Colley ɗan Gambiya. Gasar Italiya, inda ake ba tsari da tsayuwa a wurin da ya dace muhimmanci fiye da gudu, ta dace da mutum mai shekara 32 irinsa.

Jamus ba ta zo da sa'a ba. Schalke 04 ta ɗauke shi kyauta a 2022 bayan ta dawo Bundesliga, kuma gurbin da ya je cikewa na ɗan ƙasarsa ne Ko Itakura, wanda ya taimaka mata ta hau amma ta kasa biyan kuɗin riƙe shi, ya tafi Borussia Mönchengladbach. Bundesliga gasa ce ta kai farmaki cikin sauri, kuma a nan ne rashin gudun Yoshida ya fi fitowa fili, musamman a rabin farko na kakar. Schalke ta ƙare ta 17 ta sake faɗawa rukuni na biyu a 2023.

Komawarsa Amurka ritaya ce a fakaice?

Haka mutane da yawa suka ɗauka lokacin da ya sa hannu a LA Galaxy a watan Agusta na 2023 yana daf da cika shekara 35, ƙungiyar kuma tana cikin mummunar kaka. Abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan zato. A 2024 koci Greg Vanney ya ba shi kyaftin, ya buga kusan kowane wasa, kuma ranar 7 ga Disamba LA Galaxy ta doke New York Red Bulls da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar MLS, Joseph Paintsil ɗan Ghana ya ci ta farko, Dejan Joveljić ya ci ta biyu. Kofi na shida ke nan a tarihin ƙungiyar, na farko tun 2014, kuma shi ne babban kofin farko da Yoshida ya ɗaga a matakin ƙungiya, yana da shekara 36. A gefen damansa a wannan kaka akwai wani ɗan Japan, Miki Yamane, wanda ya zo daga Kawasaki Frontale.

Me ya cimma da babbar tawagar Japan?

Ya fara yi mata wasa a Janairun 2010 a karawa da Yaman. Shekara guda bayan haka, a gasar cin kofin Asiya da aka yi a Katar a ƙarƙashin Alberto Zaccheroni, ya ga kowane irin yanayi cikin mako uku: a wasan farko ƙwallon Jodan ta bugi ƙafarsa ta shiga raga, sannan shi ne ya farke ta da ka a ƙarin lokaci, a wasan daf da na kusa da na ƙarshe da Katar aka kore shi da katin gargaɗi na biyu, ya dawo a wasan ƙarshe inda Japan ta doke Ostireliya da ci ɗaya da nema ta ɗauki kofin karo na huɗu.

Ya je gasar cin kofin duniya sau uku. A Birazil a 2014 Japan tana gaban Kwaddibuwa da ci ɗaya, sai Didier Drogba ya shigo, cikin minti biyu Wilfried Bony da Gervinho suka ci da ka daga bugun Serge Aurier, kuma Japan ba ta sake farfaɗowa a gasar ba. Bayan gasar Rasha ta 2018 Makoto Hasebe ya yi ritaya daga tawagar, sabon koci Hajime Moriyasu ya miƙa wa Yoshida kyaftin. A wasan ƙarshe na kofin Asiya na 2019 Katar ta doke su da ci 3 da 1, kuma fenaritin da ya kashe wasan an ba da shi ne bayan na'urar VAR ta nuna ƙwallo ta taɓa hannunsa. A Olamfik ta Tokyo a 2021, wadda ita ce ta uku a gare shi, ya ci fenaritin da ya fitar da Niu Zilan, amma Japan ta sake ƙarewa ta huɗu bayan Sifaniya da Mekziko sun doke ta. Ya zuwa ƙarshen gasar 2022 ya yi wa ƙasarsa wasa 126 ya ci ƙwallo 12.

Gaskiya ne da katin gargaɗi Japan ta fitar da Sanagal a 2018?

Gaskiya ne, kuma har yanzu abin yana yi wa masoya ƙwallon Afirka ciwo. A gasar cin kofin duniya ta Rasha, ƙasashen biyu sun tashi 2 da 2 a tsakaninsu, wasan da Yoshida ya fuskanci tsohon abokin wasansa Mané, kuma wasan da ake tunawa da yadda 'yan Japan suka ruga gaba a tare lokacin wani bugun tazara suka bar 'yan Sanagal da dama cikin satar gida. A ƙarshen rukuni suka yi daidai a maki huɗu, da yawan ƙwallayen da suka ci, da waɗanda aka ci su, sai aka koma ƙirga kati: Japan huɗu, Sanagal shida. Wannan ne karo na farko da aka raba gardama da wannan doka a gasar. Abin da ya ƙara fusata jama'a shi ne mintuna goman ƙarshe na wasan Japan da Polan, inda Japan, tana bayan ci ɗaya, ta daina kai hari ta riƙa juya ƙwallo a bayanta saboda ta ji Kolombiya tana cin Sanagal. Koci Akira Nishino ne ya yanke wannan shawara, 'yan baya irin su Yoshida kuma su ne suka aiwatar da ita a ƙarƙashin ihun 'yan kallo. Doka ba ta hana ba, amma ba abin sha'awa ba ne.

A zagaye na gaba Japan ta kai ga cin Beljiyam 2 da nema, sannan Jan Vertonghen da Marouane Fellaini suka farke. A minti na huɗu na ƙarin lokaci Japan ta samu bugun kusurwa, Yoshida da Gen Shoji suka hau gaba neman ƙwallon nasara, Thibaut Courtois ya cafke, ya mirgina wa Kevin De Bruyne, kuma kafin 'yan bayan su dawo Nacer Chadli ya riga ya ci ta uku.

Wace rawa ya taka a nasarorin Japan kan Jamus da Sifaniya a Katar?

Shi ne kyaftin kuma shi ne tsakiyar bayan a wasannin duka na gasar cin kofin duniya ta 2022. A karawa da Jamus, Japan ta tafi hutu tana bayan ci ɗaya, Moriyasu ya shigo da Takehiro Tomiyasu ya mayar da tsarin zuwa 'yan tsakiyar baya uku, Yoshida a tsakani, Itakura a dama, Tomiyasu a hagu, kuma daga nan Ritsu Doan da Takuma Asano suka juya wasan zuwa 2 da 1. A karawa da Sifaniya, shi da Itakura da Shogo Taniguchi duka sun karɓi katin gargaɗi kafin hutu, ƙwallo ba ta zauna a ƙafar Japan ko kashi 20 cikin 100 na lokacin wasan ba, amma suka riƙe nasarar 2 da 1 har aka tashi. A zagayen 'yan 16 da Kuroshiya, shi ne ya taɓa wa Daizen Maeda ƙwallon da ya ci, Ivan Perišić ya farke, aka je bugun fenariti, Dominik Livaković ya tare na Takumi Minamino da na Kaoru Mitoma da na Yoshida. Karo na huɗu ke nan da Japan ta tsaya a wannan mataki, bayan 2002 da 2010 da 2018.

Shi ne ɗan bayan Japan na farko da ya yi nasara a Turai?

Idan ana maganar 'yan gefe, an riga shi. Nagatomo ya koma Inter Milan a Janairun 2011, Uchida kuma ya kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai da Schalke a wannan shekarar. Tun kafin su, Yasuhiko Okudera ya je Jamus a 1977 ya ci gasar da FC Köln a 1978. Tsakiyar baya ce ta gagara. Tsuneyasu Miyamoto ya yi ɗan zama a Salzburg, Koji Nakata ya yi a Marseille da Basel, Tomoaki Makino ya je Köln bai samu wasa sosai ba ya koma gida. Abin da ake faɗa a lokacin shi ne 'yan Japan ba su da jikin da za su yi kokawa da 'yan gaban Turai, kuma ba su da bakin da za su ba da umarni. Shekara bakwai da rabi da Yoshida ya yi a Firimiya, gasar da ta fi kowace amfani da ƙarfi, su ne suka raunana wannan magana.

Ba shi kaɗai ya jawo sauyin ba, domin akwai dalilan kasuwa. Kamfanin DMM na Japan ya sayi ƙungiyar Sint-Truiden ta Beljiyam a 2017 ya mayar da ita mashigar matasan Japan, kuma ta nan Tomiyasu ya bi daga Avispa Fukuoka a 2018 zuwa Bologna a 2019 zuwa Arsenal a 2021. Ingila ta sauya dokar izinin aiki bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, ta yadda ake iya sayen ɗan wasa kai tsaye daga gasar Japan, kamar yadda Tottenham ta sayi matashi Kota Takai daga Kawasaki Frontale a 2025. Hiroki Ito ya tashi daga Júbilo Iwata zuwa Stuttgart a 2021, sannan Bayern Munich ta saye shi a 2024, Itakura kuma ya koma Ajax a 2025.

Yana da wani aiki a wajen fili?

A 2022 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Japan, wadda ke magana da yawunsu kan albashi da sharuɗɗan kwantiragi, kuma ya karɓi muƙamin yana wasa a ƙasar waje. Lokacin da yake Southampton ya ɗauki alƙawarin ba da kashi ɗaya cikin 100 na albashinsa ga gidauniyar ƙungiyar mai taimaka wa mazauna birnin. Kafin Olamfik ta Tokyo kuma ya fito fili ya roƙi hukumomi su sake duba shawarar hana 'yan kallo shiga filaye, lamarin da 'yan wasan Japan ba su saba tsoma baki a irinsa ba, sai dai ba a sauya shawarar ba, aka buga wasannin Tokyo da Saitama da Yokohama kujeru babu kowa.